Maganin da muka sha, ina yake ƙarewa? Daga mayo zuwa bakin teku

Ɗalibar Ngaundere

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman haske kan binciken ragowar magungunan asibiti a jikin halittun bakin teku. A 2022 masu bincike a Fulorida ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin wani kifin gaɓar teku guda 93. A matsakaici kowane kifi na ɗauke da magani iri 7, akwai wanda aka samu iri 17 a jikinsa, har da na hawan jini da na ciwon damuwa da na kashe zafi. To mu da ke ɗaruruwan kilomita nesa da teku, maganar ta shafe mu, ko ta mutanen Duwala da Kiribi ce? Kuma wanda ke son yin irin aikin a Binuwai ko Lagon, ta ina zai fara?

Injiniyan Ruwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Buɗe taswira tukuna. Ruwan arewa hanya biyu yake bi. Binuwai ya taso daga tudun Adamawa, ya cika madatsar Lagdo, ya ratsa Garwa, ya shiga Najeriya ta wajen Yola, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, daga nan sai teku. Jerem ma daga Adamawa yake, shi ne ke shiga Sanaga ya faɗa teku kudu da Duwala. Amma Lagon da Shari, da suka haɗu tsakanin Kusiri da Njamena, Tafkin Chadi suke zubawa, shi kuwa ba shi da ƙofa zuwa teku. Rana ce ke shanye mafi yawan ruwansa, saura ya nutse ƙasa.

Ni a ganina, abin da aka zubar a Garwa kafin ya kai teku ya ɓace cikin ruwa mai yawan gaske, rana da bakteriya sun ci rabonsu a hanya. Gurɓatar bakin teku ta garuruwan bakin teku ce. Tamu tana nan ƙofar gida, da rani. Ga lissafi na misali, ba awo ba: gari mai mutum 100,000, ɗaya cikin ɗari na shan metformin na ciwon suga, giram 1 a rana. Kilo 1 ke nan kullum, kuma shi metformin jiki ba ya sarrafa shi, yadda ya shiga haka yake fita. A ce duka ya isa kogi. In kogin na gudu da kubik mita 1,000 a daƙiƙa, irin na tsakiyar damina, za a samu wajen nanogiram 12 a lita. In ya janye ya koma kubik mita 1, sai ya zama wajen 12,000. Magani bai ƙaru ba, ruwa ne ya ragu. Balle mayo, wato rafi, irin Kaliyawo na Marwa, da a watan Maris ba abin da ke cikinsa sai yashi da ruwan kwata.

Malam Labo

Bari in warware ma'aunin, don shi ke ruɗa mutane. Nanogiram 1 a lita shi ne ka narkar da ƙwayar farasitamol guda, mai miligiram 500, a jarka miliyan 25 masu lita 20. Wanda ya ji haka sai ya yi dariya. Sai dai magani an ƙera shi ne don ɗan kaɗan ya yi aiki, kuma ƙofar da yake buɗewa a jikin mutum, kifi ma yana da irinta: hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa, sinadaran haihuwa. Mutum ya sha kwana biyar ya daina. Kifi a ciki yake numfashi dare da rana, tun yana ƙwai har ya tsufa.

Gwajin da ya fi kowanne nauyi a Kanada aka yi shi, a wani ƙaramin tafkin gwaji a lardin Ontariyo. Daga 2001 zuwa 2003 aka riƙa zuba EE2, sinadarin ƙwayar tsarin iyali, ana riƙe shi a nanogiram 5 zuwa 6 a lita. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara yin bitelojenin, furotin ɗin gwaiduwar ƙwai wanda aikin mata ne, wasu har aka ga ƙwai a marenansu. Ba gawar kifi aka gani na yawo a kan ruwa ba. Haihuwa ce ta lalace, manya suka mutu ba magaji, irin ya kusa ƙarewa a tafkin. Da aka daina zubawa, bayan 'yan shekaru ya farfaɗo.

A 2013 kuma masu bincike na jami'ar Umeya a Suwidin suka sa kifin kogi mako guda a ruwa mai maikurogiram 1.8 (wato nanogiram 1,800) a lita na oksazefam, maganin kwantar da hankali. Kifin ya ƙara kuzari, ya fi saurin cinye abinci, ya rabu da 'yan'uwansa. Ƙaramin kifin da ya bar garke kuwa, kalacin giwan ruwa ne.

Ɗan Lagdo

Malam, ban musa maka ba, amma kada a bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke kashe kifi a ruwanmu a fili yake: maganin feshin auduga da ruwan farko ke wankowa daga gona, mai feshi da ke ɗauraye famfonsa a bakin mayo, gidan sauro mai magani da aka mayar da shi koma yana tankaɗe 'ya'yan kifi, da mai zuba guba a tabki da rani don ya kwashe tarwaɗa da gaiwa lokaci guda. Saifametirin da deltametirin, 'yan maikurogiram a lita sun isa su kashe kifi cikin kwana 4, jatan lande da kaguwa ma ba su kai haka juriya ba. Kuɗin bincike ɗan tsito ne. Don me za a ƙarar da shi a farautar nanogiram na Turawa?

Likitan Shanu

Yaya Ɗan Lagdo, kan maganin feshi ina bayanka. Amma "na Turawa" ɗin nan ka janye shi, don ɗaya daga cikin labaran da suka fi shahara a wannan fanni a ƙasarmu ya faru. A 2013 masu bincike daga Giranobul ta Faransa, tare da abokan aikinsu na Kamaru, suka sanar sun samu tramol a saiwar tafashiya, itacen nan da ake jiƙa saiwarsa don zazzaɓi da ciwon ciki, suka ce itacen ne ke yin sa da kansa. Duniya ta ɗauka. A 2014 wata tawaga daga jami'ar Dotmun ta Jamus ta bi sawu. Ta same shi a tafashiyar Arewa Mai Nisa, ɗan mitsitsi, ta kuma same shi a saiwar itatuwan da ba danginta ba, a ƙasa, a ruwan mayo, har a rijiya. A tafashiyar kudu babu. Tare da shi akwai ɓurɓushin da hantar mutum ko ta dabba ke mayar da tramol. Bayaninsu: mutane na sha, ana kuma ba shanun huɗa don su jure aiki cikin rana, dabba ta kwanta a inuwar itace ta yi fitsari, saiwa ta zuƙa.

Maganin dabba ma ba a lissafa shi yadda ya kamata. Oksitetrasaikilin mai dogon aiki, maganin bakteriya, miligiram 20 ake yi ga kowane kilo. Sa mai kilo 300 giram 6 ke nan a allura guda, kuma kaso mai yawa na fita da ƙarfinsa. Ninka da garken da ke tsaye cikin mashaya ɗaya a watan Afrilu. Ibamektin, maganin tsutsa, ta kashi yake fita, yana kashe buzuzu, ƙananan ƙwarin ruwan da 'ya'yan kifi ke ci kuwa a matakin nanogiram suke mutuwa. Shi ya sa dabbar da aka yi wa allurarsa a shayar da ita a komi kwanakin farko, kada ta shiga ruwa ta yi kashi. Dikulofenak kuma, maganin kashe zafi, shi ya ƙarar da ungulun Indiya da Fakistan: su ci mushen saniyar da aka yi wa allura, ƙoda ta tsaya. A 2004 aka gano dalilin, a 2006 aka hana shi ga dabbobi a can, bayan wani irin ungulu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Meloksikam aka koma, shi ba ya yi musu illa.

Malam Labo

In ƙarasa maganar tafashiya, Dakta. Masu ra'ayin farko ba su sauka nan take ba. Abin da ya fi raba gardamar shi ne awon kabon-14 da aka fitar a 2016. Duk abin da itace ya gina daga iskar yau yana ɗauke da kabon-14. Abin da aka haɗa a masana'anta daga man fetur ba shi da shi, don nasa ya daɗe da ƙarewa a ƙarƙashin ƙasa. Tramol ɗin da aka tatso daga ƙasar arewa ya fito na masana'anta. Ɗalibarmu ta riƙe wannan: ganin sinadari a wuri abu ɗaya ne, tabbatar da inda ya fito wani aiki ne daban.

Ɗan Lagdo

To na janye "na Turawa". Amma samun tramol a rijiya bai nuna karfasa guda ta fasa haihuwa ba. Ina nan kan bakana har a nuna min kifin.

Malama Kusiri

Haƙƙinka ne, Yaya. Bari in mayar da mu bakin teku, don an baro tambayar yarinyar nan a baya, kuma abin da Injiniya ya ce na "ɓacewa cikin ruwa mai yawa" a tsakiyar teku ne yake gaskiya, ba a mashigar kogi ba.

A mashiga irin ta Wuri a Duwala, ruwa na hawa ya sauka sau biyu a yini. Abin da gari ya zubar ba ya tafiya kai tsaye, yana fita ya dawo, ya yi kwanaki yana kai da komo. Inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri, laka mai laushi na dunƙulewa ta kwanta, magungunan da ke manne wa laka, irin su sifrofuloksasin na bakteriya da fuluwoksetin na ciwon damuwa, su kwanta tare da ita. A kan wannan taɓon ne dajin mangurof ke tsirowa, kuma tsakanin saiwoyinsa jatan lande da 'ya'yan kifin teku ke girma. Wato inda datti ya fi taruwa, nan ne ɗakin renon.

Sannan ba a ɗauko sakamakon ruwan daɗi a liƙa wa teku. Kifin kogi kusan ba ya shan ruwa, kifin teku kuwa dole ya sha kullum don kada gishiri ya tsotse shi, saboda haka magani na shigarsa ta hanji ma. Kalsiyam da maginiziyam na ruwan teku na ɗaure oksitetrasaikilin su rage masa ƙarfi. Akasin haka, ruwan teku pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da kanwa, wajen 8.1 ne, kuma magani irin fuluwoksetin yana ƙara ratsa jikin halitta in pH ya hau. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don ruwan da ke da kanwa a gefen Tafkin Chadi shi ma pH ɗinsa sama yake. Wanda ya auna magani bai auna pH ba, rabin aiki ya yi.

Halittar da masu binciken teku suka fi so ita ce kawa da danginta. Ba ta gudu, tana zaune tana tace lita goma-goma a yini, abin da ke ruwa na taruwa a namanta. Ana ɗauko ta daga wuri mai tsabta, a sa a keji, a dasa a inda ake zargi daga mako 4 zuwa wata 3, a ciro a gwada. Haka aka yi a mashigar tekun Fujet kusa da Siyatil, aka sanar a 2018 cewa wuri 3 cikin 18 an samu oksikodon, ɗan'uwan tramol a aiki. Illar kuwa ba ta mutuwa ba ce. Sinadarin serotonin ne ke ba kawa umarnin zubar da ƙwai, har masu kiwonta na yi mata allurarsa don ta zuba. Fuluwoksetin na ƙara serotonin, sai ta zuba ƙwai ba a lokacinsa ba, ba abincin da 'ya'yan za su ci. A Fotsmut ta Ingila, a 2010, an ga wani ɗan ƙaramin dangin jatan lande da ke ɓuya a duhu ya koma neman haske a nanogiram 100 a lita na wannan maganin, wato yana kai kansa bakin kifi da tsuntsu.

Wanda ke son hujjar da ta wuce ta ɗakin gwaji, ga TBT. Ba magani ba ne, sinadarin fentin ƙasan jirgin ruwa ne. Ya karya kiwon kawa a Arkashon ta Faransa, har ƙasar ta hana shi ga ƙananan jirage a 1982. A nanogiram 1 zuwa 2 a lita matan dodon koɗin teku ke fitar da gaban namiji su kasa zubar da ƙwai. Haramcin duniya ya fara aiki a 2008, dodon koɗin ya dawo a gaɓoɓi da yawa.

Kuma teku na zuwa mana ko ba mu je ba. Busasshen jatan landen da ake daka wa miya a Garwa da Marwa daga gaɓa yake. A Muwanko, ƙasan Sanaga, gari guda na rayuwa da kamun kawa. A Binuwai da Lagon ma akwai kawar kogi mai manne wa dutse, ita ce za ta yi mana aikin da ta teku ke yi musu.

Ɗalibar Ngaundere

Na gode Malama. Amma yanzu tsoro ya kama ni. Kifin banda da salanga da jatan lande, a ci ko a bari?

Hajiya Farmasiya

Ci abinki, 'yata. Ga lissafi na misali: a ce naman kifi na da nanogiram 10 na wani magani a kowane giram, kika ci giram 250. Maikurogiram 2.5 ke nan. Kafin ki kai ƙwaya guda mai miligiram 500 sai kin ci irin wannan kwanon sau 200,000. Kifin ne ke cikin haɗari, ba mai cinsa ba. Abin da ya fi damun mu masu magani shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta. Maganin bakteriya kaɗan-kaɗan a ruwan kwata ba ya kashe su, horar da su yake, masu juriya su yaɗu, su dawo ta rijiya da latas ɗin da aka shayar da ruwan. A Fatancheru kusa da Haidarabad ta Indiya, a 2007, an auna sifrofuloksasin har miligiram 31 a lita a ruwan da ke fitowa daga matatar masana'antun magani, fiye da abin da ke jinin marar lafiyar da ke shan sa.

Babbar ƙofa fitsari ce da bayan gida, wannan ba a hana shi. Wadda ake iya rufewa ita ce ta maganin da ya lalace da wanda aka kama a hannun 'yan tebur. Tara shi a fili a zuba gas a cinna wuta kuskure ne: zafin ba ya kaiwa, rabi na narkewa ya bi ƙasa, ledar ƙwayoyin kuma na fitar da hayaƙi mai guba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta fi son tanda mai zafin da ya wuce digiri 1,200, irin na masana'antar siminti. In babu, a rufe shi a ganga. A cire kwali da takarda, a bar ƙwayoyi cikin ledarsu, a cika gangar ƙarfe kashi 75 cikin ɗari, a kwaɓa farar ƙasa da siminti da ruwa a ma'aunin nauyi 15, 15, 5, a cike sauran, a liƙe murfi da walda, a bar ta kwana 7 zuwa 28 ta daskare, sannan a binne a gindin juji nesa da ruwa. Inda ake kuskure: a yi amfani da gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko a cika ta maƙil har siminti ya rasa wurin ratsawa. Kwalaben allura kuma ba a ƙona su, fashewa suke.

Injiniyan Ruwa

Malama, na karɓi gyaran mashiga. Kan tacewa kuwa, ko matatar ruwan ƙazanta ta zamani ba ta cire komai. Farasitamol da ibufurofen bakteriya na cinye su sarai. Karbamazefin na farfaɗiya kusan yadda ya shiga haka yake fita, shi ya sa ake ɗaukarsa alamar sawun ruwan masai. Suwizalan tun 2016 ta sa doka a ƙara wa manyan matatunta ozon ko gawayi mai tsotsa, Tarayyar Turai ta bi a 2024, ta ɗora aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin a kan kamfanonin magani da na kayan shafa. Mu abin da ke hannunmu rana ce da fili. Tafkunan tacewa a jere, na ƙarshe kada zurfinsa ya wuce mita 1 zuwa 1.5, ruwa ya yi kwana 20 zuwa 30 a ciki, ya fita ta fadamar kacalla. Dikulofenak hasken rana na karya shi da sauri, amma sai a ruwa garau. A ruwan Lagon na damina mai kalar koko, haske ba ya wuce taƙi guda. Masai kuma mita 30 daga rijiya, gindinsa aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, a auna a Satumba lokacin da ruwa ya fi tasowa, ba a Maris ba.

Malam Labo

Yanzu ta ina za a fara. Kada ki ce za ki nemi komai. Binciken jami'ar Yok da ya fito a 2022 ya nemi magani 61 a koguna 258 na ƙasashe 104, ya samu fiye da rubu'in wuraren sun wuce matakin da ake ɗauka lafiya, mafi muni a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya da Kudancin Amurka. Karbamazefin, metformin da kafeyin suka fi fitowa. Ki ɗauki waɗannan uku, ki ƙara tramol, dikulofenak, sulfametoksazol, sifrofuloksasin da oksitetrasaikilin. Takwas sun isa.

Wuri: ɗaya sama da gari, ɗaya a bakin babbar kwata, biyu ƙasa da gari, misali kilomita 1 da kilomita 10. Lokaci uku: Maris zuwa Afrilu, ruwan farko da ke wanke gari, da cikar Satumba. Kowane wuri kwalba uku.

Kwalbar gilashi mai duhu, lita 1, a ɗauraye ta da metanol ta bushe, a wurin kuma a ɗauraye sau uku da ruwan kogin. A ɗebo daga tsakiyar gudu, taƙi biyu ƙasa da fuskar ruwa, baki na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Nan take cikin kula da ƙanƙara, digiri 4. A rubuta pH, zafi da ƙarfin gishiri a wurin. Cikin awa 48 a tace da matacin gilashi mai kafa maikuron 0.7, a bi da mililita 500 ta cikin katirij Oasis HLB mai miligiram 200, wato ɗan bututu mai garin da ke kama magani, bayan an jiƙa shi da metanol mililita 5 da ruwa mai tsabta mililita 5. Gudun kada ya wuce mililita 5 zuwa 10 a minti, in aka yi gaggawa magani na wucewa bai kamu ba. A busar da shi, a naɗe da takardar alminiyam, sai firiza, digiri 20 ƙasa da sifili. Katirij ɗin ake aikawa labon da ke da LC-MS/MS, na'urar da ke rarrabe magunguna ta auna su, ba ruwan ba: ya fi sauƙin ɗauka, ya fi jure hanya.

Inda aiki ke lalacewa: ba a zuba EDTA ba, sinadarin da ke kama ƙarafan ruwa, sai oksitetrasaikilin da sifrofuloksasin su manne wa ƙarafan ruwa da jikin kwalba, a ce babu alhali akwai. Ba a zuba ma'aunin ciki, wato tagwayen maganin masu nauyin diyuteriyam, kafin tacewa ba, sai a kasa sanin nawa ya salwanta. Ba a tafi da kwalbar shaida ba, mai ruwa mai tsabta da za a buɗe a bakin kogi a rufe. Mai ɗiban ya sha shayi ko ya shafa man dikulofenak a gwiwa, ya taɓa murfi ba safar hannu, shi ke nan an "gano" kafeyin a Binuwai. Sai ɗaukewar wuta: ki ajiye ƙaramin kofi na daskararren ruwa da kwabo a kansa cikin firizar. In kwabon ya nutse, kayanki sun narke sun sake daskarewa.

Kwalba hoton minti guda take ba ki. Mai son matsakaicin makonni sai POCIS, faifai mai garin HLB tsakanin fatu biyu, a bar shi a ruwa kwana 14 zuwa 28.

Malama Kusiri

Ga kifin da Yaya Ɗan Lagdo ke nema. Karfasa maza manya, 15 zuwa 20 a kowane wuri, girma ɗaya, lokaci ɗaya. A ɗebi jini daga jijiyar gindin wutsiya da sirinji mai hefarin, maganin hana jini daskarewa, a juya a injin rabewa, ruwan jinin a firiza don gwajin bitelojenin. Marena a fomalin kashi 10 cikin ɗari don a yanka a duba ko akwai ƙwai. A auna nauyin hanta da na marena a kan nauyin jiki.

Amma a yi hattara da fassara. Bitelojenin a namiji ba ya cewa ƙwayar tsarin iyali ce. Fitsarin saniya mai ciki da na mata na ɗauke da istirojin, sinadarin haihuwa na mata, na halitta, kuma a mashayarmu shi zai fi yawa. Yawan maza a tabki ma ba hujja ba ce: 'ya'yan karfasa in suka tashi a ruwa mai zafin digiri 35 zuwa 36 a makonnin farko, da yawa na komawa maza ba tare da wani magani ba, tabkunan fadamun Lagon da ake kira yayre kuwa na kai haka da bazara. Ga kuma masu ƙyanƙyasa da ke mayar da karfasa maza da gangan, da metiltestosteron, sinadarin maza, miligiram 60 a kilon abinci na kwana 21 zuwa 28. Ruwan irin wannan kwamin ba a sakinsa mayo kai tsaye, kuma kifin da ya tsere daga gona zai ɓata miki lissafi. Sai an haɗa uku: magani a ruwa, magani a jinin kifi, da illa a jikinsa, kuma wurin sama da gari ya fito daban.

Ɗan Lagdo

In aka yi haka na yarda da sakamakon, ko ya kayar da ni. Sharaɗina: tunda za a ɗebi ruwan, a ɗebi laka ma a kwalba daban don maganin feshi, shi a laka yake zama, ba a ruwa ba. A kwatanta biyun a kan kifi ɗaya.

Faifan nan na POCIS kuma, ƙarfe mai ƙyalli a kogi ba ya kwana uku. A fara gaida sarkin ruwa na wurin, a nuna wa masunta abin da hannu, a ɗauki ɗaya cikinsu ya riƙa dubawa. Kada a sa tulluwa a sama, a ɗaure shi da waya a turken ƙarfe ƙarƙashin ruwa, a riƙe wurin da GPS da wata alama a gaɓa. Ƙasa da Lagdo ruwa na hawa da sauka gwargwadon yadda aka saki madatsa, saboda haka a dasa shi aƙalla rabin mita ƙasa da inda ruwa ya fi janyewa, don in ya bushe ko yini guda lissafin ya tashi. A nisanci inda ake jan koma da mashigar shanu, da kwarin da dorina ke kwana a Binuwai. A dasa uku a kowane wuri, da tazarar mita 20 zuwa 30 tsakaninsu, a sa rai da biyu.